Jan da Ya Ƙi Zama

Akwai wata ƙara da kunnena ya yi shekaru bai ji ba, sai da yaƙi ya koro mu daga Khartum muka sauka Gadarif, a gidan 'yar ƙanwata. Wata safiya ina zaune a gindin katanga ina jiran shayi ya huce, sai na jiyo ta daga gidan maƙwabta: ƙwal, ƙwal, a yi shiru, sannan ƙwal. Wani ne yake ƙwanƙwasa gasasshiyar tukunya da gaɓar yatsa, yana saurare ko ta tsage. Na ajiye kofin. Na yi rayuwata ina koyar da ginin tukwane a kwaleji, amma can da ido muka fi dubawa, a juya tukunya a hasken taga. Wadda na sani da irin wannan ƙwanƙwasa mai haƙuri ita ce kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, kuma ta daɗe a ƙasa. Tun daga safiyar nan wata tambaya da na binne tun ina saurayi ta sake tasowa ta hana ni sakat.

Ƙauyenmu yana wajen Ƙala'at an-Nahal, inda duwatsu suke tsaye a tsakiyar gonakin dawa da riɗi. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su wuce. Daminar nan har yau ba ta ƙare ba. Ƙasar wajen baƙa ce, da damina ta riƙe ƙafar mutum har ta zare masa takalmi, da rani kuma ta tsattsage har ɗan akuya ya karye a ciki. Kaka takan ce ƙasa ce mai fushi, ba a gina tukunya da ita sai an lallashe ta. Lallashin shi ne a daka fasassun tsofaffin tukwane a turmi, a tankaɗe, a haɗa da busasshen kashin jaki da ƙaiƙayi, a cuɗa da ƙafa. Don haka da zarar an gama yankan riɗi, 'yan ƙwadago sun hau lori sun watse, abin da ke tashinmu da safe shi ne wannan dakan, mai kaifin da ya fi na dakan dawa, har mutum ya ji shi a haƙori. In hantsi ya yi sai ƙarar ta sauya. Kaka ta kife tsohuwar tukunya, ta shimfiɗa yumɓu a bayanta tana bubbugawa da ɗan katako, tab, tab, tab, kamar ana lallaɓa jariri. Tana gina tulu, da randa wadda muke ce wa zir kamar yadda Larabawa ke faɗa, da kaskon turare, da jabana, butar gahawa mai dogon wuya. Yanzu in ka kwana a ƙauyen, injin niƙa ne zai tashe ka, sai kuma ƙarar jarkokin roba suna gwaruwa a bayan jaki.

Abin da ya raba tukwanen Kaka da na sauran mata shi ne ja. A gindin wani dutse, tafiyar hantsi daga gida, akwai kwarin da ruwa ya zaizaye, inda ƙasa take fitowa ja kamar hanta. Daga nan take ɗebowa, ta shanya, ta niƙa, ta dama ruwa-ruwa kamar kunun yaye. Idan tukunya ta sha iska, ba ta bushe ba kuma ta daina lotsawa, sai ta ɗora ta a kumatunta. In sanyin ya yi mata, ta tsoma tsumma ta shafe ta da jan nan daga baki har gindi. Bayan ya kama jiki ta ɗauko igiyar 'ya'yan kuka da wani dutse mai santsi da ta gada wajen uwarta, ta yi ta guga, har tukunyar ta fara ɗaukar ido tun ba ta ga wuta ba. A wuya kuma ta ja layi biyu na farar ƙasa da gashin kaza, ta ɗiɗɗiga tsakaninsu. Ana gashi da sassafe kafin iska ta tashi, a rami marar zurfi, da kashin shanu da karan riɗi. Jan Kaka ba ya ɓarewa, ba ya bin hannu. Mace takan yi shekaru tana dafa gahawa a jabanarta, gindi ya yi baƙi ƙirin, wuyan yana nan yana ƙyalli. Direbobin lori daga garin Doka har ratsowa sukan yi don su kai wa matansu.

Ni a lokacin ban taɓa yumɓu ba. Gini aikin mata ne a wurinmu, namiji ya taɓa a yi masa dariya har kasuwa. Ga ni kuma da kunya, in baƙo ya yi sallama sai in nemi bayan rumbu. Abin da na iya shi ne in zauna a inuwa da littafi. Tun ranar da aka sa ni makarantar gwamnati Kaka ta laƙa min Afandi, wato ma'aikacin ofis mai wando da takalmi, kuma da yake akwai wasa tsakanin kaka da jika ba ta raga min.

"Afandi, mijin nawa, yau ma takardar ce za ta ciyar da ni? Tashi ka ɗebo min kashin shanu, ko hannun naka na sarauta ne?"

"Haboba, ina da jarrabawa." Mu jikoki da wannan sunan na Larabci muke kiranta.

"Jarrabawa! Da kakanka ya zo neman aurena, jarrabawarsa buhun dawa ce a ka, daga gona har gida. Kai ko tulu ba ka ɗagawa. Na fasa auren, je ka."

Kullum sai ta fasa auren, kullum da yamma ta mayar da shi da ɗan ƙanzo ko gyaɗa a tafin hannu.

Ikon Allah, takardar ce ta kai ni ga yumɓu. Na tafi kwaleji a Khartum don in koyi zane da kyawun rubutu, sai aka tura ni ɗakin tukwane saboda masu sonsa kaɗan ne. Ɗakin sabo ne, mu ne kusan na farko a cikinsa. Malaminmu, wanda muke kira Ustaz kawai, dogon mutum ne da ya dawo daga karatu a ƙasar waje. Shi ya kafa faifan ginin tukwane da ake juyawa da ƙafa, ya gina tanderun bulo mai ƙofa da ma'aunin zafi. Da farko hotunan littafi muke kwaikwayo, butocin shayi da faranti irin na Turawa, muna murna in sun fito daidai. Wata rana ya jera su duka a kan tebur ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Waɗannan marayu ne, ba su da uwa a ƙasar nan." Ya ba mu labari cewa manyan maginan da ya gani a can, waɗanda ake ajiye aikinsu a bayan gilashi, wajen maginan ƙauyukansu suka koma suka koyo, masu yi wa manoma kwanon miya suna kwarara masa damammiyar ƙasa mai wani launi. "Su sun koma wajen kakanninsu. Ku ina naku?" Ya ce kowa in ya je hutu ya dawo da ƙasar garinsu da yadda ake sarrafa ta.

A zamanin ba kowa ke son a san daga ƙauyen Hausawa ya fito ba, ni kuma ko a aji ba a jin muryata. Amma ranar sai na ga hannuna a sama. Na ce, "Ustaz, kakata tana da jan da ba ya ɓarewa."

Wani abokin karatuna, mai barkwanci, ya juyo. "Ya zol, mutumina! Ashe kana magana? Mun zaci hoto ne aka ajiye mana."

Aka yi dariya. Ustaz bai yi ba. Ya ce, "Tamam, madalla. Ka kawo mana shi, ka rubuto komai. Komai fa."

Hutun nan mako uku na yi a tsugune kusa da Kaka, da fensir da tarin takardu. Na auna jar ƙasar da kofin shayi. Na ƙirga sau nawa take tankaɗewa. Na aro agogo na duba tsawon lokacin da tukunya ke shan iska, har kumatuna na ɗora a kai don in san irin sanyin da take nema. Matan unguwa suna leƙowa suna ƙunshe dariya, ita kuwa abin ya yi mata daɗi, tana cewa mijinta ya zama ɗan sanda yana binciken tukwane. A gefenta na dama akwai wata tsohuwar kwatarniya mai ɓallen baki, inda take tsoma hannu ta ɗauraye yumɓu in tana gini. Ba a zubar da ruwan ciki, ƙari kawai ake yi. Ya zama launin toka, da ɗan kauri, har da ɗan warin tsami. In za ta dama ja, sai ta sa ƙoƙo a hankali ta ɗebi na sama-sama ta zuba. Ni abin da na gani shi ne tsohuwa tana tattalin ruwa, don hafir ɗinmu, tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina, yana da nisa. Wata safiya tausayinta ya kama ni, na sunkuya na ɗaga kwatarniyar zan zubar in ɗebo mata sabo.

"Kai, kai, kai! Afandi, ajiye min! Wa ya aike ka?"

"Ya yi datti ne, Haboba. Zan kawo miki mai kyau."

"Dattin gidanku. Da ɗan gari akan ci gari, yaro. Ajiye, koma wajen takardarka."

Na ajiye. Maganar ban rubuta ta ba, don ba awo ba ce, ni kuwa awo aka aiko ni nema. A takardun fensir dai na sa cewa da ruwan wankin hannu take damawa. Amma da hutu ya kusa ƙarewa na sayi daftari mai kauri, na zauna na kwafe komai da tawada, layi bisa layi, ko gogewa ɗaya babu. Da na zo wajen ruwa sai na tsaya. Na tuna fuskokin 'yan birni, na ji kamar ina jin su suna cewa ga kakar wane tana aiki da ruwan datti. Sai na rubuta, ruwa mai tsabta kofi huɗu. Takardun fensir kuma na ba mahaifiyata ta hura wuta da su. Ranar tafiya Kaka ta ƙulle min jar ƙasa a tsohon zane ta ɗora min a ka da kanta. Ta ce, "Ka gaya wa malamin naku, in ya ga ya yi kyau ya zo ya biya sadakina. Na gaji da kai."

Jabana goma sha biyu na gina a kwaleji, da wuya irin na Kaka. Na bi daftarin kamar mai bin alwala. Na tankaɗe sau uku, na auna ruwan famfo kofi huɗu, na ɗora kowacce a kumatuna ana yi min dariya. Tun wajen guga na ga ƙyallin bai zo ba, dutsen yana jan gari a bayansa, amma na ce wa raina wuta za ta gyara. Da safen da aka buɗe tanderu duk ajin yana tsaye. Ustaz ya ciro ta farko ya goga babban yatsa a wuyanta, jan ya tashi kamar ɓawon gyaɗa ya zube a ƙasa. Ya ciro ta biyu, haka. Har ta sha biyu. Mai barkwancin nan ya ce, "Jan Haboba ya ƙi Khartum, ya ce a mayar da shi ƙauye," amma da ya ga fuskata bai ƙara ba. Ustaz ya karɓi daftarin ya karanta daga farko har ƙarshe, ya ce bai taɓa ganin rubutun ɗalibi mai tsari haka ba, kuma bai ga kuskure a ciki ba. Muka zargi zafin tanderu, muka rage. Muka haƙa rami a bayan ɗakin muka gasa da kashin shanu kamar a ƙauye. Jan ya ci gaba da zubewa har abin da ke cikin zanen ya kusa ƙarewa. Ni kaina ruwan bai zo min a rai ba ko sau ɗaya, don a wurina ruwa ruwa ne, mai tsabta kuma ai ba zai ɓata abu ba. Ustaz ya ce, "Akwai abin da hannunta ya sani wanda bai shiga nan ba. Ka koma ka tambaye ta."

Na koma hutu na gaba da niyyar tambaya. Na same ta a tsakar gida da mata sun kai shida, ana ɓarar gyaɗa. Ko jaka ban sauke ba ta ɗaga murya.

"Ga angona ya dawo! Afandi, jan nawa ya zauna?"

Duk idanu suka dawo kaina. Na kalli tsofaffin hannuwanta, na kalli matan nan da za su kai labari kowane gida kafin la'asar. Na ce, "Ya zauna, Haboba."

Ta rangaɗa guɗa. Ta ce kun ji ko, janta ya shiga Khartum, manya suna shan gahawa da shi. Na ce wa raina gobe in mun keɓe zan gaya mata gaskiya. Goben ta zo, na zauna kusa da ita har azahar, in na buɗe baki sai kunya ta rufe shi. Yaya zan ce mata na yi ƙarya a gaban mutane, kuma abin da take alfahari da shi ya zube a gaban wasu mutanen? Haka kwanaki suka ƙare. Da zan tafi ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ba ka da wata tambaya, ɗan sanda?" Na ce babu. A daminar da ta biyo baya, baƙar ƙasa ta yanke hanya kamar yadda ta saba, labarin rasuwarta bai iso ni ba sai bayan an yi sadakar bakwai. A cikin 'ya'yanta ba wadda ta koyi ginin, don roba da tukunyar ƙarfe sun riga sun shigo kasuwa.

Ɗakinmu na kwaleji kuwa ya yi abin da Ustaz ya so. Wannan ya kawo farar ƙasa daga arewa, wancan ya kawo baƙin da ake turarawa da hayaƙi daga kudu, wata ta kawo zanen tsefe na kakarta daga yamma. A hankali butocin Turawa suka ɓace daga tebur, tukwanenmu suka fara kama da mutanen ƙasa. Har yau in na ga irin aikin nan a ofis ko a falon wani babba, nakan iya nuna kafaɗar zir a ciki, ko wuyan jabana, in tuna cewa wata tsohuwa ce a wani ƙauye ta fara jan wannan layin, ba a kuma san sunanta ba. Ni ma da na zama malami na ci gaba da wuyan Kaka da farin layinta biyu, ɗalibaina suna ce masa layin Ustaz, wato nawa. Jan ne kawai ya gagare ni. Na karanta a littattafai cewa sai an haɗa masa yumɓu kafin ya kama, na auna na haɗa, ya kama, amma ya fito launin bulo, a mace, ba ƙyalli. Kowace shekara sai na ciro daftarin na sake karantawa ina neman inda na yi tuntuɓe. Da yake rubutun yana da kyau, na yarda da shi fiye da idona. In ina son tuna gidanmu, shafi nake buɗewa.

Ranar da muka bar Khartum jaka ɗaya na ɗauka, daftarin kuwa na baro shi a gida. Na yi baƙin cikinsa fiye da kujeru da gado. Amma wani abin mamaki, tun da na rasa shi sai tsakar gidan Kaka ta fara dawo min da kanta, guntu-guntu: inda kaji ke kwanciya, ƙusar da take rataye igiyar 'ya'yan kuka, yadda take share gumi da bayan hannu don kada ta ɓata fuska.

Mai ƙwanƙwasar da na ji a maƙwabta wata Bahaushiya ce da ta gudo daga yankin Jazira da 'ya'yanta, kowa yana ce mata Uwar Tagwaye. Jabana da kaskon turare take ginawa ta kai bakin kasuwa, da su take ciyar da gida. 'Yar ƙanwata ce ta kai mata labarina, ran nan sai ga ta a ƙofa da jabana a hannu.

"Baba, an ce kai ustaz ne na tukwane. Namiji da tukwane ban taɓa ji ba, amma duniyar duk ta kife. Duba min wannan. Tana riƙe gahawa, ba ta yoyo, amma ba ta da fuska. Masu saye su ɗaga su ajiye. Me zan shafa mata?"

Na juya jabanar, ginin ba laifi. Ban san dalili ba, sai na ba ta labarin jan Kaka tun daga kwari har tanderu, har da ƙaryar da na yi. Ita ce mutum ta farko da na taɓa gaya wa. Ta saurara, ta ce, "To mu gwada mana, Baba. In ya ɓare, ai ƙasa ce ta koma ƙasa."

Na hau lori da ƙafafun nan nawa da suka gaji na tafi ƙauye. Ɗakunan ciyawa sun koma kwano, ramin gashin Kaka an gina shago a kansa, ba wanda ya rage yana gini. Wata tsohuwa a bakin hanya ta sa hannu ta kare rana ta dube ni, ta ce, "Ba kai ne Afandi ba, wanda ya kai janmu Khartum?" Na gaishe ta na wuce da sauri. Kwarin yana nan a gindin dutse, ya ƙara faɗi, ƙasar tana nan ja kamar hanta. Na cika rabin buhu.

Ranar da jabanonin Uwar Tagwaye suka sha iska, kwana uku ke nan mai amalanken jaki da ke kawo ruwa unguwarmu bai leƙo ba. Duk wanda ya zauna Gadarif ya san wannan jiran. Na shiga gidanta da gorar ruwan shana, na raba jar ƙasar biyu, na auna kofi huɗu a kan rabi. Gorar ta ƙare.

"Baba, ruwan sha kake ba ƙasa? Tagwaye suna kallonka fa."

"Sauran sai mu jira mai jaki."

"Tukunya ba ta jiran mai jaki, kafin ya zo ta bushe." Ta jawo wani tsohon baho da ke gefenta, inda take ɗauraye hannu in tana gini. Ruwan ciki ya yi launin toka, ya kwanta. Ta sa kofi ta ɗebi na sama. "Ni dai da wannan zan dama nawa."

"Ya yi datti," na ce.

Kalmar tana fita daga bakina sai tsakar gidan Kaka ta dawo min. Na ga kwatarniya mai ɓallen baki, na ji nauyinta a hannuna, na ji ana cewa wa ya aike ka. Na ɗauki jabana shida na shafe da nawa damun, na yi wa kowacce alama da farce a gindi. Ita ta shafe shida da nata. Da aka zo guga, dutsena yana jan gari kamar yadda ya yi a kwaleji. Nata kuwa, tun a zagaye na uku wuyan ya fara ɗaukar hasken rana. Na matsa kusa da bahon na tsoma yatsu biyu na murza. Santsi kamar man shanu. Sai a lokacin abin da na yi shekaru ina koyarwa ya haɗu da abin da na gani ina saurayi. Duk sanda mai gini ta ɗauraye hannu, mafi laushin yumɓun tukunyar ne ke sauka a ruwan. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa, mai laushin ya tsaya a sama, kwana da kwanaki yana ƙara narkewa. Shi ne ɗan garin. Shi yake kama hannun jan ya shigar da shi jikin tukunya, su bushe tare, su tsuke tare, shi ne kuma yake ƙyalli in an goga. Yumɓun da na riƙa aunawa a kwaleji mai tsakuwa ne, ya riƙe jan amma ya kashe shi. Kaka ba ta ɓoye min komai ba. A gabana ta yi, har tsawa ta yi min a kai, ni na cire shi daga daftarin da hannuna don ina jin kunyarsa.

Akwai abu ɗaya da har yanzu nake juyawa a raina. Matar da take gane tsagar tukunya da ƙwanƙwasa ɗaya, anya ba ta ji tsaga a muryata ba ranar da na amsa mata a gaban mata? Da ta ce ba ka da wata tambaya, wasa take yi, ko ƙofa ta buɗe min na ƙi shiga? Wannan kam ba bahon da zai ba ni amsarsa.

Muka yi gashi da sassafe a bayan gida, da kashin shanu da karan dawa. Da toka ta huce Uwar Tagwaye ta riƙa ciro su da sanda tana ƙwanƙwasawa, ƙwal, ƙwal. Masu alamar farce shida suka zubar da jansu a tafin hannuna, kamar dai na Khartum. Ta miƙo min ɗaya daga cikin nata, da ɗumi har yanzu. Na goga babban yatsa a wuyanta, na ƙara gogawa da ƙarfi, na duba yatsan. Babu komai a kai. Na ɗaga jabanar a hasken rana, jan nan mai duhu yana ƙyalli, farin layi biyu a samansa.

"To, Baba? Ya zauna?"

"Ya zauna, Haboba."

Ta kwashe da dariya har tana dafa gwiwa. "Ni ce Haboba? Baba, tagwayen nawa ko makaranta ba su gama ba, ka tsofar da ni da safiyar nan!"

Ban gyara ba. Na ce mata dai kada ta kuskura ta zubar da ruwan bahon nan, ƙari kawai za ta riƙa yi. Ta dube ni kamar na faɗi abin da kowane yaro ya sani, ta ce, "Wa ke zubar da ruwa a Gadarif?" Ta jera jabanonin shida a kwando ta ɗora a ka, ta nufi kasuwa.